Aji ɗaya a karatun lauya a Ingila, har an fara maganar neman aiki?

Ƴar Gwale:
Assalamu alaikum yayyena. Watan Satumba na fara digirin lauya a wata jami'a a arewacin Ingila. Ko hanyar laburare ban gama ganewa ba aka yi baje-kolin kamfanonin lauyoyi a makarantarmu, kowane kamfani da teburinsa, ana ta raba biro da jakar yadi. Ƴan ajinmu, yaran da ba su wuce shekara 18 ba, sai tambayar ranar rufe fom suke yi. Ni da na san a gida sai ka gama makarantar horar da lauyoyi kake neman camba, wato ofishin lauyoyi, abin ya ɗaure min kai. Don Allah waɗanda suka biyo ta nan, me kuka yi a shekarar farko?

Baƙon Landan:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Daga ƙarshe za ki faro lissafin. Manyan kamfanonin Landan suna zaɓen waɗanda za su horar tun saura shekara biyu su fara aiki, digirin kuma shekara uku ne. Shi ya sa a aji biyu ake neman zaman hutu, mako biyu ko uku a ofishinsu, kuma cikin masu wannan zaman suke tsintar da yawa daga waɗanda za su ba kwantiragin horo. Fom ɗin zaman hutun tun kaka ake buɗe shi, kina shiga aji biyu ke nan. To wane sakamako ke hannunki a lokacin? Na aji ɗaya kaɗai.

Nan ne ake yi wa sababbi sakiyar da ba ruwa. Za ki ji manyanku suna cewa makin aji ɗaya ba ya shiga lissafin digiri, ki samu 40 ki wuce abinki. A jami'o'i da yawa hakan gaskiya ne. Amma fom ɗin kamfani akwati-akwati ne, kowane darasi da gurbinsa: dokar kwantiragi nawa, ta laifuka nawa, ta tsarin mulki nawa. Wanda muka zauna gida ɗaya da shi ya ci 48 a kwantiragi saboda ya ɗauki waccan maganar. Yaron ya fi ni kai nesa ba kusa ba, ya kuma gama da sakamako mai kyau, amma 48 ɗin nan ta bi shi kowane fom. Ki sa ido a kan 60 zuwa sama a kowane darasi.

Akwai kuma shirye-shirye na ƴan aji ɗaya zalla. Kamfanin Clifford Chance na da SPARK, kamfanin Linklaters na da Pathfinder, wasu kuma yini guda suke buɗe ƙofa. Ni yini ɗaya na samu a wani matsakaicin kamfani, ya kuma ishe ni abin rubutawa a fom ɗin shekara mai zuwa.

Anti Solisita:
Ƙari a kan maganar Yaya. Kafin ki ɓata dare kina cike fom, ki bincika ko kamfanin yana ɗaukar nauyin biza. Manya galibi suna yi, ƙananan na unguwa da yawa ba su da lasisin. Na taɓa kaiwa har intabiyu a wani ƙaramin ofishi, hira ta yi daɗi, sai a ƙarshe matar ta tambayi irin takardar zamana, fuskarta ta sauya nan take. Ki tuna kuma bizar ɗalibi awa 20 ta yarje miki ki yi aiki a mako idan ana karatu. Duk shirin da ya faɗo tsakiyar zango, ki fara leƙa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku.

Ɗan Kwari:
Ni abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tambayar nan tasu ta sanin halin kasuwa. Kowa na cewa karanta jaridar Financial Times. Na karanta har kaina ya yi zafi, ban ga inda zan kama ba. Ranar intabiyu wani dattijo cikin masu kamfanin ya ce in kawo labarin kasuwanci ɗaya da ya dame ni. Sai na ba shi labarin da na sani tun daga tushe: yadda Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, da abin da hakan ya yi wa mahaifina da ke sayo yadi daga Sin da dala ya sayar da naira a Kantin Kwari. An yi ciniki a wani farashi, kafin kwantena ta iso lissafi ya rushe. Wa zai ɗauki asarar, me yarjejeniyarsu ta ce, a kotun wace ƙasa za a kai ƙara in rigima ta tashi? Mutumin ya ajiye bironsa ya gyara zama, muka cinye sauran lokacin a kan wannan.

Sai jarabawar Watson Glaser, wadda kamfanoni da dama ke turowa bayan fom. Ba ta doka ba ce. Za a ba ki ɗan sakin layi a ce wannan hukuncin ya fito daga cikinsa ko bai fito ba, kuma abin da kika sani a waje ba ya aiki. Akwai samfurinta kyauta a intanet, ki saba da ita tun yanzu.

Anti Solisita:
Na manta ban faɗa ba: tarukansu na yamma yawanci da giya a hannu ake yi. Ki riƙe lemonki, ba wanda ya taɓa ce min uffan. Ki je da tambaya ɗaya ta gaske, ki nemi waɗanda kamfanin ke horarwa da ba su daɗe da shiga ba, su suka fi sakin baki. SEO London da Aspiring Solicitors ma, ƙungiyoyin da ke taimaka wa ɗalibai shiga aikin lauya, ki yi rajista da su.

Malam Na Amurka:
Ku gode wa Allah. Nan sai ka gama wani digirin kake shiga makarantar lauya ta shekara uku, kuma tun da ƙungiyar NALP, mai kula da harkar ɗaukar ɗaliban lauya aiki a Amurka, ta janye ƙa'idojinta na lokacin ɗaukar ɗalibai a 2018, kamfanoni ke ta matso da abin gaba. Da can sai dab da shiga aji biyu ake intabiyu. Ni sakamakon zangon farko kawai aka gani aka yanke min hukunci, ga shi makin ma gwada ka ake da ƴan ajinku.

Barista Tsohon Hannu:
Ƴata, ni ban yi karatu a waje ba. Shekara biyar na yi a Zariya, na wuce makarantar horar da lauyoyi ta Bagauda, na yi bautar ƙasa, sannan na shiga camba ina ɗaukar wa maigidana fayil. Abin da nake so ki tambayi kanki: can za ki zauna ko gida za ki dawo? In dawowa za ki yi, dole sai kin bi ta makarantar horar da lauyoyi ta nan kafin a kira ki lauya. Idan kin zo hutun bazara ki samu wata camba, ki bi su babbar kotu ki ga yadda ake ɗage shari'a. Yaran da ke dawo mana daga waje sun iya rubutu, amma ba su san ko rajistara ba.

Ƴar Gwale:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Barista, maganar dawowa sai na zauna da Abbana. Yaya Baƙon Landan, fom nawa ya kamata in cike bana? Wata ƴar ajinmu ta ce ashirin take hari.

Baƙon Landan:
Ashirin da jarabawar Janairu a gabanta? Allah ya ba ta sa'a. Ki zaɓi huɗu ko biyar da za ki iya faɗin dalilin son kowanne ba tare da kin sauya suna kawai ba. Wasu suna duba fom yadda ya shigo, guraben na iya cikewa kafin ranar rufewa, don haka ki tura da wuri. Ki fara kai shi ofishin ba da shawarar aiki na makarantarku su duba miki, kuɗin makarantar da kika biya har da su a ciki.