Takardar aikin jirgin ruwa ta Najeriya tana ci a waje kuwa?

Baban_Ummi:
Salam jama'a. Ƙanina ne ya gama sakandare nan Kubwa ya kafe shi sai aikin jirgin ruwa, makarantar Oron ta Akwa Ibom yake so, yaron da ko iyo bai iya ba. To wani a ofis ɗinmu ya ce takardar nan ba ko'ina take aiki ba, wani kuma ya ce ai Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar duniya don haka ko'ina za a karɓa. Don Allah wanne ne gaskiya kafin mu zuba kuɗi?

Injiniya_Sale:
Wa'alaikumus salam yallaɓai. Kowa da tasa gaskiyar. Yarjejeniyar sunanta STCW, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta duniya, IMO, da ke Landan ta yi ta a 1978, aka yi mata babban gyara a 1995 sai kuma na Manila a 2010, ita ke faɗin mafi ƙarancin horon da dole ma'aikacin jirgi ya samu. Amma fa ka gane, makaranta difloma kawai za ta ba shi, lasisin da ake kira CoC hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta Najeriya, NIMASA, ce ke bayarwa bayan jarrabawa, kuma ba zai zauna jarrabawar ba sai ya yi zaman horo a kan jirgi, ga mai son zama ofisan tuƙi wata 12 ne aƙalla. Banda ƙananan kwasa-kwasai irin su kashe gobara, tsira a ruwa da agajin gaggawa. Iyon nan ma ya fara koya tun yanzu.

Hadiza_Garki:
Malam Baban Ummi, sa hannu kaɗai ba ya wadatarwa. Sashe na 12 na kundin tsarin mulki ya ce yarjejeniya ba ta zama doka a ƙasar nan sai majalisar tarayya ta mayar da ita doka. Dokarmu ta jiragen kasuwanci ta 2007 ce, gyaran Manila kuwa bayanta ya zo, ka ga duk sanda IMO ta taɓa wani abu sai an koma an gyara ƙa'idojin gida, in aka yi jan ƙafa yaranmu ne ke kwana ciki. Sannan ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta, misali Laberiya ko Panama, sai ta amince da takardar ta ba shi tata shaidar amincewa, ba ta yin haka sai ta gamsu da yadda ake horo da jarrabawa a nan. Ni a ganina da ƙasashen yankin nan sun daidaita dokokinsu da manhajarsu da an huta, wanda ya yi karatu a Akara ya yi aiki a Legas ba tare da yawon ofis-ofis ba. Ai a nan Abuja aka sa hannu kan yarjejeniyar binciken jirage a tashoshin yankin tun 1999, to ɓangaren horo me ya hana?

Dan_Gwagwalada:
Hajiya duk na ji, amma doka ba ta haifar jirgi. Tun da aka rushe kamfanin jiragen ruwa na ƙasa a 1995 ina kadet, wato ɗalibi mai neman horo a kan jirgi, zai samu gurbi? Shi ya sa NIMASA ta fito da shirin horar da ma'aikatan jirgin ruwa na NSDP a 2008 tana tura yara Indiya, Masar da Filifin, kuma har can ɗin gurbin jirgi ne ciwon kai. Ɗan maƙwabcinmu ya gama karatu tsaf, yanzu POS yake yi yana jiran kira.

Injiniya_Sale:
Wallahi haka ne. Abu ɗaya na manta, ku tambaya tun farko lasisin na yawon gaɓa ne ko mara iyaka, don na gaɓa ba ya kai mutum Turai. Kuma duk wata cibiyar kwas da za ku biya a Legas ko Fatakwal ku duba NIMASA ta amince da ita tukuna.

Baban_Ummi:
Na gode ƙwarai. Injiniya zan tura maka saƙo ta ciki, shi yaron ya yi magana da kai da kansa.