Cire indomin salansa a Corolla: gyara ne ko ɓarna?

Abu Fatima, Unguwar Rimi

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana. Corolla ce ƙirar 2005, inji 1.8. A cikin gari tana tafiya ba laifi, amma da an hau hanyar Zariya aka kai gudun kilomita 80 sai ta ƙi ja, ko an taka totur har ƙasa sai gurnani kawai. Wutar cek inji a kunne take, kuma in an tayar da ita da safe ana jin kacau-kacau daga ƙarƙashi. Bakanike ya ce indomi ne ya toshe, wato matatar hayaƙin da ke cikin wata tukunya a jikin salansa, a fasa tukunyar a zubar da abin ciki a mayar. Wani kuma ya ce muddin aka cire, motar za ta dinga zuƙar mai. Wanne ne gaskiya? In cirewar ce mafita, yaya ake yin ta ba tare da an jawo wata matsalar ba?

Injiniya Bala, Kurmin Mashi

Wa'alaikumus salam Abu Fatima. Kada ka bari a sa wa salansar nan wuta tukuna. Alamomin da ka faɗa sun yi kama da toshewa, amma famfon mai da ya raunana ko matatar mai da ta cushe su ma haka suke sa mota ta mutu a babban gudu. A tabbatar kafin a yanka.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a bar inji ya huce, a kwance sensar gaba, wato na'urar auna hayaƙi da ke tsakanin inji da indomi, da sifana mai lamba 22. Ramin da ta bari zai zama mafitar hayaƙi. A kau da wayoyi daga bakin ramin don hayaƙin da zafi yake fita, a ɗan zaga da motar na mintuna kaɗan. Za ta yi ƙara sosai, wannan ba komai. Idan ƙarfinta ya dawo, toshewar na bayan ramin nan. Wanda ke da agogon awon matsi ya fi dacewa ya ɗaura shi a wannan ramin: a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, kada matsin ya wuce psi 1.5, a rpm 2,500 (juyin inji a minti) kada ya wuce psi 3. In allura ta haura 3 tana ci gaba da hawa, hayaƙi ba ya samun hanya.

Kacau-kacau ɗin da kake ji kuwa, a daki tukunyar da tafin hannu tana sanyi. In ta amsa, abin ciki ya farfashe. Amma a duba faifan ƙarfen da ke kāre zafi, shi ma in notinsa ya kwance irin wannan ƙarar yake yi.

Abin da ke cikin tukunyar tangaran ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wajen ramuka 400 a kowane inci murabba'i a yawancin ƙananan motoci, an shafe shi da filatinom da faladiyom da rodiyom. Yana fara aiki in ya kai zafin digiri 250 zuwa 300, yana aikinsa tsakanin 400 da 800. Babu abin da ke motsi a cikinsa, saboda haka ba kasafai yake mutuwa haka kawai ba, kashe shi ake yi. Fulogi ko koyil ya mutu, ɗanyen fetur ya gangara salansa ya kama da wuta a cikin ramukan, zafi ya haura 1,000 tangaran ya narke ya dunƙule. Ko ringi sun gaji inji yana ƙona baƙin mai, tokarsa ta liƙe ramukan. Ko gasket ɗin kan inji ya ƙone ruwan lagireto yana shiga. Ko kuma an doka ƙasan mota a kan tudun rage gudu, ko an faɗa ruwa da tukunya tana jajir lokacin damina, ta tsage. In ka zubar da indomi ba ka gano wanne ne a cikin waɗannan ba, ciwon na nan a inji. Je ka a sa mata kwamfuta ka kawo mana lambobin da ta fitar.

Malam Sani mai walda, Panteka

Injiniya ya gama magana kan bincike. Ni zan yi kan aikin kansa, domin a nan ake yin ɓarnar.

Fasa tukunya a mayar da ita fanko shi ne mafi munin zaɓi. Hayaƙi yana fitowa daga bututu mai faɗin wajen inci 2, ya faɗa cikin babban kogo ya yi ta juyi, sannan ya nemi ƙaramar ƙofar fita. Shi ke kawo wannan ƙugin da ke cika cikin mota a rpm 2,000 zuwa 3,000, da ƙarar gwangwani in an taka. Mafi muni kuma shi ne masu zura rodi su daddaka tana jikin mota. Ɓarɓashin ba ya fita duka, hayaƙi ya kwashe shi zuwa tukunyar baya ya toshe ta, bayan ɗan lokaci ƙarfin mota ya sake mutuwa a ce ai inji ne. A motocin da indominsu ke manne da manifol, wato bututun da ke kwaso hayaƙi daga jikin inji, abin ya fi haɗari, domin inji na iya zuƙo garin tangaran ya kankare bangon silinda. Nissan Altima mai inji 2.5 ta farkon shekarun 2000 ta yi suna da wannan.

In dole ce ta sa za a cire, to a sauke bututun gaba ɗaya daga mota. A jiƙa notocin da man kwance tsatsa tun da wuri, a zare sensoshin biyu a ajiye gefe, domin duka da zafin walda suna kashe su. A yanke tukunyar, a sa miƙaƙƙen bututu mai faɗi daidai da na motar, ko a zura shi ta cikin tukunyar a liƙe baki da baki. A sauke tukunyar baya ita ma a girgiza ta a zazzage. Ramin sensar baya a bar shi inda kamfani ya sa shi. In ya tafi da yankan, a liƙa sabon noti mai zaren M18 x 1.5 a saman bututu ko a gefensa, ba a ƙasa ba, don ruwan da ke taruwa a salansa da safe kada ya kwanta a kan sensa. Mahaɗar gaba mai noti da sifirin a sa mata sabon gasket a bar ta tana lanƙwasa. Masu liƙe ta da walda su ne ke sa manifol ya tsage, don inji yana jijjiga dole a bar masa wurin motsi. In za a yi waldar lantarki a jikin mota, a cire kan batir.

Garin tangaran da audugar da ke naɗe da shi ba abin shaƙa ba ne. A yayyafa ruwa, a sa takunkumi, a kori yaran shago daga wurin.

Sannan Alhaji, ka tsaya a kan aikinka. Abin da za a ce maka "a zubar" kuɗi ne, akwai masu saye saboda ƙarafan da ke jikinsa, ko ya farfashe. Shi ya sa wasu ke saurin cewa ya toshe. Ka karɓi abinka a leda.

Oga Musa rewaya, Kakuri

Kan batun shan mai, kowa ya faɗi rabin gaskiya ne. Ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, tana auna mai ne da sensar gaba, tana neman iska kashi 14.7 ga fetur kashi 1. Wannan sensar tana gaban indomi, ba ruwanta da yana nan ko ba ya nan. Ta baya aikinta ta farko sa ido: in indomi na da lafiya za ka ga ta tsaya wajen bolt 0.6 zuwa 0.7, in babu shi sai ta dinga lilo tsakanin 0.1 da 0.9, ƙwaƙwalwa ta kunna wutar cek inji ta rubuta P0420, lambar da ke nuna indomi ba ya aiki yadda ya kamata. A Toyota na waɗannan shekarun ƙwaƙwalwa tana ɗan gyara awon mai da abin da ta baya ta faɗa, don haka ana iya ganin ɗan bambanci, amma ba irin wanda ake ba da labari ba.

Shan man da mutane ke kuka da shi daga wasu wurare uku yake zuwa. An bar ƙofa a walda ko a gasket kusa da sensa, iska ta shiga, sensa ta ce mai ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta ƙara. Ko an kashe sensar gaba wajen kwancewa, ko an yanke wayarta an haɗa da hannu. Ko kuma cutar da ta kashe indomin tun farko tana nan tana cin mai. A duba awon gyaran mai na dogon zango a kwamfuta bayan aiki. In ya wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa, akwai abin nema.

Ana sa wa sensar baya ɗan ƙarfen da ke janye ta daga hayaƙi don wutar ta mutu, wasu kuma su taɓa manhajar ƙwaƙwalwa. Wannan rufe ido ne kawai, hayaƙin bai canja ba. Wanda na fi ƙi shi ne cire ƙwan cek inji ko liƙe shi da baƙin tef. Ranar da koyil ya mutu wutar nan ce za ta yi ta ƙiftawa ta gargaɗe ka, ka kashe ta da hannunka.

Maman Ilham, Barnawa

Ku ƙara da abin da ke fita ta bayan motar. Indomi ne ke mayar da iskar kabon monoksaid zuwa kabon dayoksaid, ya ƙone ragowar fetur, ya warware iskar naitirojin oksaid. Kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da iskar oksijin sau 200 da ɗoriya, irin ta janareta ce da ke kashe mutane a ɗaki. Motar da aka cire wa indomi, in robar but ta mutu ko salansa na yoyo a ƙarƙashin kujera, hayaƙin ciki yake dawowa, musamman a cunkoson Kawo ko titin Ahmadu Bello da gilashi a rufe. Kada a ɗumama ta a rufaffen gareji, kada a bar yara a ciki tana silo. A Ingila irin wannan motar ba ta cin gwajin shekara, a Amurka cirewar laifi ce, nan gida ma hukumar kula da ƙa'idojin muhalli, NESREA, tana da ƙa'idar hayaƙin motoci tun 2011.

Abu Fatima, Unguwar Rimi

Allah ya saka da alheri. An sa kwamfuta, ta ba da P0420 da P0302. Da aka zare sensar gaba kuma ƙarfin ya dawo. Baƙin mai yana ɗan raguwa kafin lokacin juye.

Injiniya Bala, Kurmin Mashi

To ga mai laifin nan. P0302 silinda ta 2 ce ke tsallake wuta, ita ta dinga aika ɗanyen mai har ya narkar da indomin. Da ita za a fara. A musanya koyil na 2 da na 3, a goge lambobin a zaga. In ta koma P0303 koyil ne. In ta tsaya a 2, a duba fulogi, sannan nozul, sannan a auna matsin silindar. Fulogin wannan injin na iridiyom ne, Denso SK16R11, tazarar baki milimita 1.1, kuma jabunsa sun cika kasuwa, a lura. Fulogin da ya fito da jiƙaƙƙen baƙin mai a jikin zarensa na sama, robar murfin inji ce ke yoyo cikin ramin, ita ma tana kashe koyil.

Raguwar baƙin mai a auna ta da kyau: a cika zuwa layin sama, a duba bayan kilomita 1,000 a wuri mai daidai. Injin 1ZZ, wato irin na wannan motar, na farko-farkonsa an san shi da liƙewar ringin mai. In yana shan abin da ya kai lita a wannan tazarar, sabon indomi ba zai daɗe ba sai an yi ringi.

Shawarata a mayar da wani, kada a bar ta fanko. Wanda ya narke ba ya wankuwa, duk abin da za a zuba a tanki ko a jiƙa shi a ciki ɓarnar kuɗi ce. Ɗan Beljiyam na asali ya fi sababbin masu araha, waɗanda ƙarfen da aka shafa musu kaɗan ne, su dawo da P0420 ba da jimawa ba. In ka je kasuwar kayan mota ta Ori Apata ka tafi da tocila. Haska ta baki ɗaya ka leƙa ta ɗayan, ramukan su fito tas ba narkewa ba farar toka. Girgiza shi, kada ya yi motsi. Duba jikin tukunyar ko akwai sabon layin walda, don ana fasawa a kwashe a cusa wayar ƙarfe a rufe a shafa fenti. A ɗaura shi ta fuskar da ya fito, a zazzage tukunyar baya kamar yadda Malam Sani ya ce, a goge lambobin. Ƙwaƙwalwa ba ta yanke hukunci nan take, sai motar ta yi zafi ta yi tafiya mai ɗan tsawo a gudu ɗaya fiye da sau ɗaya, don haka ka yi sharaɗi da mai kaya cewa za ka kai ta Zariya ka dawo a sake sa kwamfuta kafin ciniki ya faɗa.