Neman sunan "land art" da Hausa

Jama'a, musamman masu fassara da 'yan jarida, ku zo mu raɗa wa wannan abu suna. Land art aikin fasaha ne da ake yi da ƙasa, duwatsu, ruwa ko shuka a inda suke, ba wanda ake ratayewa a bango ba.

Sai an ga misali. A 1970 wani mai fasaha, Robert Smithson, ya sa manyan motoci suka zuba baƙaƙen duwatsu da ƙasa a tafkin gishiri na jihar Utah a Amurka, aka fitar da hanya mai naɗewa kamar gammo, tsawonta kusan mita 460. Ba a daɗe ba ruwa ya shanye ta. A 2002, da fari ya janye tafkin, ta sake bayyana, gishiri ya lulluɓe duwatsun fari fat. Tafkin ma da hannunsa a aikin. Ita kuwa Agnes Denes, wata mai fasaha, alkama ta shuka, eka biyu, a kan tsohon juji a Manhattan, cikin birnin New York, a 1982.

An kawo "zanen ƙasa". Ban yarda ba. Bahaushe na jin haka bugun ƙasa zai faɗo masa, malamin duba da yatsunsa a kan yashi. Kuma gonar alkama ba zane ba ce. "Fasahar ƙasa" ta fi rikitarwa, sai a ɗauka wata hukumar gwamnati ce.

Ni dai "ƙirar fili" na zaɓa. Maƙeri yana sauya wa ƙarfe siffa amma ƙarfen na nan, haka mai wannan aiki yake yi da wuri. Dama muna cewa ƙirar mota, ƙirar jiki. Fili kuma ya ɗauki tudu, fadama da bakin ruwa.

Wata malama ta ce fili zai tuno da dillalan filaye. Gaskiyarki, Malama, amma gwada ta a jimla: "A hamadar Masar kusa da Bahar Maliya akwai wata ƙirar fili da aka kammala a 1997, tulin yashi da ramuka, iska na cinye ta a hankali." Babu mai zaton sayarwa ake.

Inda na tsaya shi ne jam'i, don "ƙere-ƙere" ya riga ya koma masana'antu. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku ya za ku ce?