Albam ɗin Greta Van Fleet na 2018: gwaninta ce ko kwaikwayo?

Mai_Koyon_Jita:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sati uku ke nan ba abin da nake ji sai Anthem of the Peaceful Army, cikakken albam na farko da Greta Van Fleet suka fitar a Oktoban 2018, kuma har yau zuciyata a rabe take. Ga wanda bai san su ba, samari huɗu ne daga wani ƙaramin gari, Frankenmuth, a jihar Michigan ta Amurka. Uku 'yan gida ɗaya ne: tagwaye Josh mai waƙa da Jake mai jita, da ƙaninsu Sam mai bes da piyano. Na huɗu abokinsu ne, Danny Wagner, shi ke kan ganguna.

Shekarata biyu ina koyon jita, saboda haka hannun Jake na fara bi. Na kwana huɗu a kan kiɗan da ya buɗe "When the Curtain Falls" da shi, yatsuna har sun yi kanta, ban kama lafazinsa ba. Yaron ya iya. "Age of Man" kuwa, wadda albam ɗin ya fara da ita, tana tasowa ne sannu a hankali kamar ketowar alfijir, kafin muryar Josh ta tsaga ta. Ranar farko sai da tsigar jikina ta tashi.

Damuwata ita ce muryar nan ba ta sauka. Kullum tana can ƙololuwa, kafin waƙa ta biyar kunnena ya gaji. Kuma duk inda na juya Led Zeppelin nake ji, tsohuwar ƙungiyar mawaƙan rock ta Ingila. Shin su nake so, ko tsofaffin da suke tuna mini?

Tsohon_Faifai:

Wa alaikumus salam ƙanina. Kar kamannin ya hana ka jin daɗi. Su kansu Led Zeppelin daga mawaƙan bulus baƙaƙen fatar Amurka suka ɗebo. A 1985 mawaƙin bulus Willie Dixon ya kai su kotu a kan waƙarsu "Whole Lotta Love", aka sasanta, aka sa sunansa cikin marubutanta. Da tsohuwar zuma ake magani.

Amma inda na yarda da kai: su sun ɗauko abu sun narkar da shi ya zama nasu. Mai waƙarsu Robert Plant yakan yi ƙasa da murya har kamar raɗa, shi ya sa in ya ɗaga take sukar zuciya. Josh a wannan albam bai san wannan haƙurin ba tukuna. Ka saurari "You're the One" sannan ka sa "Your Time Is Gonna Come" ta Led Zeppelin ta 1969, za ka ji daga inda aka ɗebo ruwan. Gangunan ma an goge su sun yi sumul da yawa. Na John Bonham, mai gangunan Led Zeppelin, kana jin ɗakin da aka buga su, waɗannan kuwa kamar an rufe su a akwati.

Yar_Gidan_Kiɗa:

Yaya, ka faɗi gaskiya a kan murya, amma ni raunin da ya fi ci mini rai baitocin ne. Rana, duwatsu, iska, zaman lafiya, ƙauna. Na saurara daga farko har ƙarshe ina neman mutum ɗaya mai jini a jika da abu ya dama, ban same shi ba. Tagwayen shekararsu 22 lokacin, sauran biyun ko 20 ba su cika ba, amma suna waƙa kamar dattawan da suka gama ganin duniya.

Duk da haka, makin 1.6 cikin 10 da shafin sharhin kiɗa na Pitchfork ya ba su zalunci ne, ya ɓata mini rai ƙwarai. Mutum huɗu ne riƙe da kayan kiɗa na gaske, kuma bes ɗin Sam shi ke riƙe da rabin waƙoƙin ba tare da an yaba masa ba. Ɗan'uwa, ka nemi albam ɗinsu The Battle at Garden's Gate na 2021, wanda Greg Kurstin ya tsara musu. Ka fara da ta ƙarshe, "The Weight of Dreams", kusan minti 9.

Mai_Koyon_Jita:

Na gode Yaya, na gode 'yar'uwa. Na sa "The Weight of Dreams" daren jiya, sau uku a jere. A ƙarshenta Jake ya saki hannu na tsawon mintuna, kuma karon farko ban tuna Jimmy Page mai jitar Led Zeppelin ba ko sau ɗaya. Muryar dai har yanzu tana gajiyar da ni. Yaya, jita ƙirar Gibson SG ce a hannun Jake, Page kuwa da Les Paul aka fi saninsa. Kaifin da nake ji a nan daga jitar yake, ko daga yadda yake danna tsirkiya?