A Dawo da Igiya, ko a Bar Ta Inda Aka Rataye Ta?

Tsohon Magatakarda:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota waƙa. Ƙasashe da dama da suka jingine hukuncin kisa sukan waiwaye shi idan jini ya kwarara da yawa. Pakistan ta janye dakatarwar da ta yi masa a watan Disamba na 2014, bayan harin da aka kai wa 'yan makaranta a Peshawar, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo kuma ta janye tata a watan Maris na 2024. Ni ina tare da masu cewa a maido shi. Ga hujjata a ƙwar biyu, wato baiti mai layi biyu, da amsa-amon "wa", wanda duk zai amsa sai ya riƙe shi.

Da sunan Ta'ala nake farawa,
Gwani Mai hukunci da Mai rayawa.

Ku taso ku ji ni, ya 'yan'uwana,
Batun rai ya kai mu ga tattaunawa.

Mutum ya kashe rai da gangan, da niyya,
A kai shi gidan yari domin hutawa?

A ba shi abinci, a ba shi tufafi,
Marayun da ya bar su ba mai kulawa.

Idan shekaru sun wuce, an yi sauyi,
A sa hannu, ga shi a hanyar fitowa.

Da sun san da hauni a ƙarshen shari'a,
Da ba su yi saurin wuƙa zarewa.

Cikin yin ƙisasi akwai rayuwa,
Faɗar Rabbana ce, ku zam tunawa.

A maido da hauni, a ɗauko igiya,
Ƙasar da ta soke ta zam waiwayawa.

'Yar Malam:

Baba Magatakarda, sannu da ƙoƙari. Ka janyo aya ta 179 a Suratul Baƙara, amma ka tsallake ta 178 da ke gabanta, inda aka buɗe ƙofar rangwame da diyya. Mutumin da zan ambata shi ne Timothy Evans, wanda aka rataye a Ingila a 1950 bisa zargin kashe 'yarsa. A 1953 aka gano cewa John Christie, maƙwabcinsa da ya ba da shaida a kansa, makashin mata ne da ke ɓoye gawarwaki a gidan da suke zaune tare, sai a 1966 aka yi wa Evans afuwa.

Na amsa kira, Baba, ba don musu ba,
Sai don na ga rami a hanyar wucewa.

Ka karanto aya, ka bar 'yar'uwarta,
Wadda ta buɗe ƙofar yafewa.

Shari'ar da ta ce mana a yi ƙisasi,
Ita ta ce shubuha na tunkuɗewa.

Talaka a Landan, direba, ba ilmi,
Suka rataye shi cikin gamsuwa.

Ashe mai shaidar shi ne makashi,
Da gawa a bango yana ɓoyewa.

Takardar afuwa bayan shekara sha shida,
Ina kunnen da zai ji ana karantawa?

Ɗaurarre idan an gano gaskiyarsa,
A buɗe masa ƙofa, yana iya fitowa.

Wuyan da ya karye a kan kuskure fa,
Wane alƙali ne zai iya ɗorawa?

Ɗan Autan Sha'irai:

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ka huta, ni zan ɗauke maka wannan.

Yaya, kin haye teku neman hujja,
Kin bar masu makoki suna ta kokawa.

Kuskure ɗaya kin rataya kamar laya,
Dubban da aka yanka ba kya ƙirgawa.

Likita ma yakan yi kuskure a kan aiki,
Don haka asibiti ya cancanci rufewa?

Amurka ta tsai da shi a 1972,
A 1976 ta zo tana maidowa.

Idan tausayi ya yi miki yawa, Yaya,
Ki goya makashin, ki zam jijjigawa.

Mai Jan Alƙalami:

Kafin a ci gaba ina da gyara. Baba Magatakarda ya ɗora waƙarsa a kan karin Mutaƙarab, ɗangonsa, wato kowane layi, gaɓa goma sha ɗaya ne ko sha biyu, 'Yar Malam kuma ta bi sawunsa, ko da yake ta yi tuntuɓe nan da can. Amma kai Auta, ɗangon da ka cusa wa 1972, idan aka furta shekarar da baki ya haura gaɓa ashirin, wanda duk ya ce zai rera shi numfashinsa zai ɗauke kafin ya kai ƙarshe. Shekarun daidai ne, domin Kotun Ƙolin Amurka ta dakatar da hukuncin a shari'ar Furman, ta sake halatta shi a shari'ar Gregg, sai dai wurinsu zube ne, ba baiti ba.

Ka zo kare hauni, ka zam kai ne hauni,
Ka rataye baiti, yana ta shurawa.

Ɗan Autan Sha'irai:

Malam, ana maganar wuyan ɗan Adam,
Kai wuyan baiti kake ta aunawa.

Faɗa mana ɓangarenka in kana da shi,
Ko gonar wasu kaɗai ka iya nomewa?

Hajiya Mai Sauraro:

Ni ba na waƙa, amma ina da kunne. Baitin nan na wuyan da ya karye ya fi duk abin da aka rubuta yau nauyi, kuma na lura tun da 'Yar Malam ta faɗe shi babu wanda ya tunkare shi, sai kewaye-kewaye ake yi. Auta, maganar goyon da ka yi wa yayarka ba hujja ba ce, rashin kunya ce. Allah ya ƙara basira, 'yata.

Almajirin Baba:

Hajiya, da girmanki, yabon nan naki ya karkata. Baitin marayun da ba mai kulawa shi ma babu wanda ya amsa shi, amma ba ki ƙirga shi ba.

'Yar Malam:

Auta, tunda ka kai mu Amurka, bari mu ɗan zauna a can. Tun daga 1973 kimanin mutum 200 da aka yanke wa hukuncin kisa a ƙasar aka wanke daga baya, jihohi 23 kuma sun soke shi, har da Virginia a 2021. Ita kuwa Filifin ta soke shi a 1987, ta maido shi a 1993, ta sake soke shi a 2006.

Goyon da ka ce in yi, Auta, na saba,
Kai ma da kukanka an sha jijjigawa.

Likita in ya kuskure, ceto ya nufa,
Shi hauni kisa ne ya je aikatawa.

Ba ɗaya ba ne, ƙanena, ɗari biyu ne,
Da aka wanke suna jiran kashewa.

Mai kuɗi da lauyoyi bai san igiya ba,
Wuyan talaka kaɗai take ganewa.

Ƙasar da ta yar, ta ɗauka, ta sake yarwa,
Ita za ka tambaya daɗin maidowa.

Tsohon Magatakarda:

'Yata, na yi jinkiri ne domin baitinki na wuyan da ya karye ya hana ni gaggawa, kuma ba zan ce ƙarya ne ba. Sai dai na shekara da yawa ina riƙe da rajistar kotu, na kuma ga abin da ba ya shiga ƙididdiga. Na ga wata tsohuwa da aka kashe mata ɗa tana zuwa kowane zama da hular yaron ƙulle a bakin mayafinta. Ranar da aka yanke wa makashin ɗauri ba ta yi kuka ba, waiwayawa kawai ta yi ta dubi ƙannen mamacin da ke tsaye a bayanta, ni kuwa na san ma'anar wannan kallo.

Hukuma idan ta ƙi ɗaukar fansa,
Dangi da kansu suke ɗaukawa.

Su ba su da lauya, ba ɗaukaka ƙara,
Ba shaidu, ba zaman saurarawa.

Wanda suka samu a hanya shi ne,
Ko ƙanen mai laifi suna iya sarewa.

Ban ce a kashe bisa zato ba, 'yata,
Shubuha in ta shigo, a zam tsayawa.

Amma wanda ya yi a gaban jama'a,
Ya ce shi ya yi, kuma ba ya musawa,

Shi ma a ce ransa ya fi na yaron?
Wannan ma'auni ba na iya karɓawa.

Afuwar da ke aya ta dangin mamaci ce,
Majalisa ba ta da ikon yafewa.

Malam Na Gefe:

Na daɗe ina karantawa ban tsoma baki ba. Ku duka kuna magana kamar igiyar za ta dawwama a hannun alƙali adali, ni kuwa tambayata ita ce wa zai riƙe ta gobe. Gambiya ta soke hukuncin a 1993, gwamnatin sojan Yahya Jammeh ta maido shi a 1995, a watan Agustan 2012 kuma aka kashe fursunoni 9. An rataye Ken Saro-Wiwa da mutum 8 a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba, 1995, bayan shari'ar wata kotu ta musamman da sojoji suka kafa. An rataye Zulfikar Ali Bhutto, tsohon Firayim Ministan Pakistan, a 1979 ƙarƙashin mulkin Janar Ziya'ul Haƙ, sai a 2024 Kotun Ƙolin Pakistan ta ce ba a yi masa shari'ar adalci ba. Ku gafarce ni, na sauya zubi zuwa ƙwar huɗu.

Ana saƙa igiya da sunan ɓarawo,
Ana ce wa kowa tsaro za ta kawo,
Ran da ɗan adawa ya zame musu ciwo,
Wuyansa ne farkon wanda zai gwada ta.

Dokar da ka bai wa mai mulkin yau,
Domin ka ga halinsa yana da kyau,
Magajinsa gobe shi ma zai ɗau,
Kuma ba ka da iko da inda zai kai ta.

Mai Jan Alƙalami:

Malam Na Gefe, neman gafara ba ya halatta saɓa ƙa'ida. Mai buɗe musaya ya ce a riƙe "wa", kai kuma ka zo da "ta", sa'an nan baitinka na biyu ɗangonsa uku na farko sun gajarce, na huɗun ya zarce su kamar rigar aro.

Malam Na Gefe:

Malam, Bahaushe ya daɗe yana rera waƙa kafin ya ji sunan arulli, ilimin auna waƙa. Ka rera baitin da murya, za ka ji ya zauna. Ni kunne na yarda da shi, ba ƙirgen yatsu ba.

Almajirin Baba:

Kunne ma yana ƙarya. Wanda ya kasa riƙe amsa-amo ɗaya, yaya za a yi ya koya wa hukuma yadda ake riƙe doka?

Hajiya Mai Sauraro:

Ikon Allah, mutum ya kawo muku sunayen waɗanda aka rataye da shekarunsu, ku kuma kun bar su kun koma ƙirga gaɓa. Wanda ba shi da amsa ne ke neman aibun kari.

Mai Jan Alƙalami:

Hajiya, gyara ba gudun amsa ba ne. Auta ya tambayi ɓangarena, to ga shi. Na shekara talatin ina duba rubutun mutane masu ilimi, kuma ban taɓa riƙe shafin da na rasa abin gyara a cikinsa ba, har da nawa. Kundin shari'a ma shafi ne da ɗan Adam ya rubuta.

Ni kuskuren baiti nake iya gogewa,
Na kabari ban ga jan alƙalamin gyarawa.

Na sani ɗangon ƙarshe ya yi tsawo, kada kowa ya wahalar da kansa.

Baba Gandiroba:

Ku gafarce ni, ƙannena da 'ya'yana, kwana uku ke nan da kuka yi shiru, ni kuwa jikana ne ke karanta mini, sai yau ya sami sarari. Ban san Mutaƙarab ba, don haka Malam ya ajiye alƙalaminsa. Na yi aikin gidan yari har na yi ritaya, kuma sau uku na tsaya a ɗakin igiyar da kuke ta ambato.

Ana gobe sai mu ɗora shi a kan sikeli,
Nauyinsa ke faɗin tsawon da za a ɗaurawa.

A cika buhu da yashi daidai nauyinsa,
Ya kwana a rataye, igiya na miƙewa.

Yana jin faɗuwar buhun daga ɗakinsa,
Mu ma muna ji, ba mai tankawa.

Na farko ya yi, ya faɗa mini da bakinsa,
Ban ji tausayinsa ba, ba na ɓoyewa.

Na biyu har ƙofa yana rantsuwa bai yi ba,
Har yau ban san gaskiya ba, ina ta tunawa.

Na uku ya cire takalmansa ya ba ni,
In ajiye wa ɗansa in ya kai sakawa.

Majalisa hannu kawai take ɗagawa,
Alƙali ya sa hannu ya je hutawa.

Mu ne da asuba muke riƙe kafaɗa,
Kafin ku maido, ku nemo mai riƙewa.

Tsohon Magatakarda:

Yaya Gandiroba, takardar da kuke karɓa irinmu ne ke buga ta, muna hatimce ta, amma ban taɓa bin ta na ga inda take ƙarewa ba. A kan na farkon ban janye ko kalma ɗaya ba. Na biyun kuwa ba ni da baitin da zan ba ka a daren nan.

Ɗan Autan Sha'irai:

Baba, in an rasa mai riƙewa ga ni,
Wanda ya kashe yara ba na tausayawa.

Baba Gandiroba:

To, Auta, ka zo da asuba, ka zo da wuri,
Kada ka ci komai, ba ya zaunawa.