Neman shawara: jinyar rashin barci ta intanet ga matashi mai lalurar otizim

Maman Abba, Tumfure:
Assalamu alaikum iyaye da 'yan uwa na wannan zaure. Ɗana mai lalurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, ya cika shekara 14, kuma tun da ya fara balaga barcinsa ya rikice. Ba ya runtsawa sai wajen ƙarfe biyu na dare, yana ta kai da kawowa tsakanin ɗaki da tsakar gida yana maimaita kalma ɗaya, da safe kuwa sai an yi da gaske kafin ya tashi zuwa makaranta. Ƙanwata ta ce akwai masana halayyar ɗan Adam da ke duba irin wannan ta kiran bidiyo. Ina neman shawarar wanda ya taɓa gwadawa, don Allah.

Baban Khalifa, Pantami:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ba ki ladan haƙuri. Mun gwada da namu yaron, zama shida muka yi da wata masaniya ta Zoom, kuma mun ga amfaninsa, sai dai ki sani yawancin aikin a kanku iyaye zai faɗo. Abu na farko da ta sa mu yi shi ne rubuta bayanin barcinsa na mako biyu: lokacin da ya kwanta, lokacin da barci ya ɗauke shi, sau nawa ya farka, da abin da ya ci ko ya sha bayan la'asar. A littafin makaranta mai layi mahaifiyarsa ta riƙa rubutawa, ni kuma ina ɗaukar hotonsa in tura ta WhatsApp. Wannan littafin ne ya tona mana abin da muka shekara ba mu lura da shi ba. Duk daren da aka dawo da wuta, kwan fitilar ɗakinsa ya kama, fanka ta tashi da ƙara, to ya farka ke nan sai asuba. Ga kuma shayi mai kauri da yake sha tare da ni bayan isha'i, alhali ganyen shayi da goro da lemon kwalba baƙi duk suna da sinadarin da ke korar barci.

Masaniyar ta bayyana mana cewa agogon jikin kowane matashi yakan ja baya idan ya balaga, kuma haske da dare, har da na waya, yana jinkirta fitar sinadarin melatonin da ke kiran barci. Matashi yana buƙatar awa 8 zuwa 10, saboda haka wanda zai tashi sallar asuba ya kamata a ce ƙarfe tara ta same shi a kwance. Muka tsayar masa da lokacin tashi guda ɗaya har ranar Asabar da Lahadi, muka manna hotuna huɗu a bango, wanka, goge baki, addu'a, gado, yana bin su ɗaya bayan ɗaya.

Anti Nas, Jekadafari:
Maman Abba, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina roƙonki kada ki fara da intanet kafin likita ya duba shi ido da ido, ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe ko wani asibitin da kuka saba. Da yawa daga cikin yaranmu ba sa iya faɗin abin da ke damunsu, sai a ɗauka taurin kai ne, alhali cushewar ciki ce, ko ƙwannafi, ko ciwon haƙori, ko minshari mai tsanani da ke katse numfashi. Farfaɗiya ma ta fi yawa a masu otizim, kuma wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin a cikin wannan jinya akwai dabarar rage lokacin kwanciya don barci ya yi nauyi, wadda ke da haɗari ga mai farfaɗiya, tunda ƙarancin barci yana tayar da ita. Batun melatonin kuma a bar wa likita, sannan ina jan kunnenmu duka game da sayen maganin mura a kemis don kawai yaro ya yi barci.

Maman Ummi, Kumo:
Allah Ya saka da alheri Anti. Ni an taɓa cutata, shi ya sa nake magana. Wani mutum da na gani a Facebook ya karɓi kuɗina da alkawarin zai warkar da 'yata daga otizim ɗin gaba ɗaya cikin wata guda, daga nan ya daina ɗaukar waya. Duk wanda ya ce miki warkarwa zai yi, ki rabu da shi. Ki nemi cikakken sunansa da inda ya yi karatu, idan ya ce shi likita ne ki tambayi rajistarsa da MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitoci a Najeriya, sannan ki biya kuɗin zama ɗaya kawai tukuna.

Malama, Bolari:
Ina koyar da yara masu buƙata ta musamman, kuma abin da zan ƙara shi ne a sa yaron a cikin maganar, kada a riƙa tattauna shi yana zaune kamar ba ya nan. Wasu daga cikinsu haɗa ido yana takura musu, to a bar shi ya kashe kyamara ko ya amsa a rubuce. Manhajojin jinyar rashin barci irin su Sleepio don manya aka yi su, kuma da Turanci suke, shi ya sa na fi ba da shawarar a nemi mutum mai jin Hausa wanda ya san zafin watan Afrilu a Gombe da kwanan waje da ƙarar janaretan maƙwabta.

Maman Abba, Tumfure:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Anti Nas, maganarki ta taɓa ni, domin Abba yana minshari sosai, wani lokaci har numfashinsa ya tsaya ya zabura, ban taɓa haɗa shi da rashin barcin ba. Shin in jira littafin ya cika mako biyu, ko in kai Abba wajen likita yanzu?

Anti Nas, Jekadafari:
Kada ki jira. Ki fara rubutun daren yau, ki ɗauki sautin minsharin da wayarki na minti biyu ko uku, ki kunna wa likita ranar Litinin in sha Allahu.