Sitima ko madambaci? Neman sunan tukunyar turara ganye

Jama'a, ina da magana kan wata kalma, kuma daga kicin ta taso. Likita ya ce Baba ya rage mai da soye-soye, ya yawaita ganye. Na shiga kasuwar Tudun Wada a nan Gusau neman tukunyar nan mai hawa biyu wadda ake zuba ruwa a ƙasa, a sa kayan lambu a sama, tururi ya dafa su. Na tsaya gaban mai kwanuka na rasa me zan ce masa. Shi ne ya fitar da ni: "Hajiya, sitima kike nema?" Na biya na taho, amma sunan ya tsaya mini a wuya.

Matsalar "sitima" ita ce an riga mu cikinta. Ku faɗa wa mace a wurin gyaran gashi za ku yi sitimin, hular nan mai zafi za ta nuna muku. Tsofaffi kuma jirgin ruwa suka sani da wannan suna. Aro ba laifi ba ne, bokiti da cokali duk baƙi ne suka zama 'yan gida. Amma ana aro ne idan babu a ɗaka, don haka na fara lalube.

Aikatau ɗin kam muna da shi: turara. A turara shinkafa, a turara tsaki, a turara zogale. Hausa kuma tana da hanyar ƙera sunan kayan aiki, a sa "ma" a gaba, "i" a baya: buɗe ya ba da mabuɗi, burga ya ba da maburgi, tankaɗe ya ba da matankaɗi. To sai na ce maturari. A takarda ya yi kyau. Da na gwada shi a kan ƙanwata sai ta miƙo mini kaskon turaren wuta. Nan na gane turare ya riga ya mamaye wannan saiwar, ba mai jin maturari ya tuna kabeji.

Wata ta kawo masulali, daga sulala. Na so shi kaɗan, sai dai sulala nama a ruwa ake yi, ga shi kuma kunne na jin kamar wurin da yara ke sulalowa. Wani malamin makaranta ya ce "tukunyar tururi". Wannan zai haɗa mu faɗa da tukunyar nan mai matse tururi da ke shewa tana dafa ganda cikin ɗan lokaci, wadda aikinta daban ne. Rariya da kwalanda kuwa tace abu suke yi, ko da yake da yawa muna ɗora su kan tukunya idan ta kama.

Ina cikin wannan Goggo ta zo daga Talata Mafara. Ta ɗaga saman tukunyar, ta leƙa ta cikin hujojin, ta ce: "Ke ɗiyar nan, mi kike ta wahala? Wanga ai madambaci na, an dai yi mai kwalliya."

Kunya ta kama ni. Madambaci fa, tukunyar yumɓu mai huji a gindi da ake ɗorawa kan wata tukunyar a yi dambu. Ruwa a ƙasa, abinci a sama, tururi a tsakani. Ba abin da ya bambanta shi da na kanti sai ƙarfe da murfin gilashi. Ko mutanen Maroko da Aljeriya irin wannan tsarin suke turara kuskus da shi, Sinawa kuma nasu na gora ne.

Na san abin da za a ce: ai madambaci na dambu ne, karas ba dambu ba ne. To alƙalami da can karan dawa ne da ake fiƙewa, yau biro ma alƙalami ne, ba wanda ya kai ƙara. Abin da ya fi burge ni shi ne sunan yana zuwa da iliminsa. Da na ce wa Goggo sitima, kallona kawai za ta yi. Da ta ce madambaci, nan take ta fara koya mini: kada ruwan ƙasa ya taɓo abin da ke sama, kada a danƙara ganye har ya toshe hujojin, in tururi na tsira ta gefe a naɗe mahaɗar da jiƙaƙƙen ƙyalle mai tsabta. Su a da har kuka suke damawa su liƙe. Ba takardar kamfani da ta faɗi fiye da haka.

Kuma dalilin da likita ke son turarawa a fili yake. Wasu sinadaran ganye, irin bitamin C, narkewa suke a ruwa. Idan an tafasa alayyafo an tsiyaye, rabonmu ya bi kwata. A madambaci minti 3 zuwa 5 ya ishe shi, kabeji kamar 6, karas da aka yanka kusan 10, kuma launinsu na nan.

Idan mun yarda da sunan, sauran sai a bi da ƙari. Madambacin silba, ina nufin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, shi na saya kuma shi zan ba kowa shawara: ba ya ɓare, wankinsa ba wuya. Amma a lura, a kasuwa duk abin da ke ƙyalli silba ake ce masa, har da sanholo mara nauyi, sai a ɗaga a ji. Madambacin yumɓu yana nan daram, fashewa ce kawai aibinsa. Madambacin gora yana son a shanya shi sosai, in ba haka ba ya yi fumfuna da damina. Madambacin lantarki kuma, to, kun san halin wutarmu. Ɗan ƙaramin nan mai buɗewa kamar fure da ake sakawa cikin kowace tukunya, ni kwandon turara nake ce masa, shi ya fi arha.

Wanda ba zan ba wannan suna ba shi ne gwangwanin fenti ko guntun kwanon rufi da aka huda da ƙusa, da kwandon roba da aka yi don wanke shinkafa ba don zafi ba. Haka tukwanen da ake zubawa daga narkakken tarkacen inji: an gwada irinsu a Kamaru an samu suna sakin dalma cikin abinci, musamman mai tsami. Mu a Zamfara ba sai an yi mana bayanin dalma ba. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Wancan daga niƙan dutsen zinare ne, ba daga tukunya ba, amma gubar ɗaya ce.

Jam'in madambaci kuwa madambatai. Jiya na koma wurin mai kwanukan zan saya wa maƙwabciyata, na ce ya ba ni madambacin silba mai hawa biyu. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, dambu za a yi muna?" Amma bai tambaye ni me nake nufi ba, hannu kawai ya miƙa ya sauko da shi.